Sakainar Inna

Ina aji huɗu a firamare aka fara aikena zubar da 'ya'yan mage. A Kademi, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya, wannan aikin yara maza ne, sahunsa ɗaya da kai niƙa da yankan ciyawar akuya. Mage za ta haihu a gindin rumbu ko a cikin tsohuwar randa, 'ya'yan su buɗe ido su fara shiga ƙafar mutane a tsakar gida, sai wani babba ya ce, "Kai, zo ka kai waɗannan nesa." A ba ka buhu ka zuba su, ka ɗaure bakinsa tamau, don an ce in mage ta ga hanya ko Wudil ka kai ta sai ta dawo.

Guda biyar na ɗauka ran nan. Har yau ina jin ɗuminsu a gadon bayana, suna motsi suna 'yar ƙaramar kuka kamar ƙofar langa-langa. Na wuce gonakin bayan gari, na sami wata kuka na kwance buhun a gindinta. Na ɗauka da zarar sun ga sarari za su watse cikin ciyawa. Ina! Sai suka yo kaina suna tangaɗi, ɗaya har ta hau kan silifas ɗina. Na girgiza ƙafa na zuba a guje, ban waiwaya ba sai da na hango rufin masallaci. Shirwa biyu na shawagi a saman kukar tun kafin in bar wurin, na kuwa san abin da suke jira.

Uwar ta kwana uku tana zaga gida, nononta ya kumbura, tana leƙa randa tana leƙa ƙarƙashin gado. Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Inna, ta yi kwana biyu ba ta tsokane ni ba, alhali kullum da safe sai ta ce mijinta bai ba ta kuɗin cefane ba. A rana ta uku na kai mata ruwan alwala, ta dube ni ta ce, "Maigida, ni dai na fasa auren nan. Mijin da zai iya wannan aiki, wata rana ni ma a buhu zai saka ni." Aka yi dariya a tsakar gida. Ita ba ta yi ba.

Inna tana da wata sakaina, ɓarin tsohuwar ƙwaryar fura, da take ajiyewa a gindin katangar yamma kullum bayan magariba. A ciki za ka ga jiƙaƙƙen ƙanzo, ragowar tuwon dawa, ƙayar kifi in an dace, ranar da 'yar Fulani ta biyo da talla kuma har da ɗan nono. Gefe guda ga kasko da ruwa. Sai ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune ta ce, "Mus, mus, mus." Kafin ka ƙifta ido sun fara dirowa daga katanga. Biyu ne kawai na gidanmu. Sauran duk marasa ubangiji ne, wasu daga wajen mahauta, wasu daga kangon da ke bayan makarantar allo, wasu Allah kaɗai ya san mafakarsu. Ta san kowacce da kamanninta da halinta: ga Mai-tozali, ga Gurguwa, ga Baƙa wadda yara ke jifa wai aljana ce, ga wani ƙaton muzuru mai faɗin kai da yagaggen kunne da ta raɗa wa Sarkin Fawa.

Inna ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma kunnenta ya sha wa'azi. In aka dame ta da maganar ɓarnar tuwo sai ta tuna wa mutum labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ta san cewa sahabin nan Abu Huraira saboda 'yar mage ya sami laƙabinsa. Ta san malamai sun ce ruwan da mage ta sa wa baki bai zama najasa ba. Da waɗannan uku take kare kanta, kuma ban taɓa ganin wanda ya kayar da ita ba.

Sai dai masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu. Mahaifina yakan lissafa 'yan tsakin da suka ɓace. Matan gida suna kukan fitsarin muzuru a kan buhunan hatsi, warin da ko turaren wuta ba ya kashewa. Lokacin barbara kuwa ba mai barci, ihu a kan katanga kamar ana yanka jarirai, da safe ka ga wani ido a fashe wani kunne a yage. Inna tana ciyarwa, maguna suna haihuwa, mu yara muna ɗaukar buhu. Haka muka yi ta zagaye shekara da shekaru, tausayi ta ƙofa, zalunci ta taga, duk a gida ɗaya.

Wata shekara wani maƙwabci da ɓeraye suka ishe shi ya sayo shinkafar ɓera ya barbaɗa a ɗakin ajiyarsa. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, fitowa yake yana layi, mage kuwa ta sami nama a sauƙaƙe. Cikin mako guda muka kwashe gawar mage tara a unguwa, har da Mai-tozali. Wasu suka ce an huta. Ba a yi wata uku ba aka gane irin hutun. Da rani ya tsaya ɓeraye suka mamaye rumbuna, da dare ka ji suna tsere a kan azara kamar dawakin sallah. Gyaɗar irin da baffana ya ɓoye a tukunya sai ɓawo ya tarar. Buhun wake duk wanda ka ɗaga sai ya zube ta ƙasa. Inna ba ta ce wa kowa uffan ba, sai dai duk wanda ya shigo yana kukan ɓera ta ce masa, "Allah sarki, ai ma'aikatan ne aka sallama." Kafin damina mutanen da ke jifan maguna suka fara aiko yara: in ta haihu a ajiye mana ɗaya.

Na girma, na yi karatu, aikin koyarwa ya zaunar da ni a Kano. Shekarar 2020 ce ta dawo da ni gida zaman dole. A farkon shekarar zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano, gidajen rediyo suka yi ta jan kunne a kan ɓera da rufe abinci. Ba a gama da wannan ba sai ga korona. Aka rufe makarantu a watan Maris, ni kuwa na sulale zuwa Kademi ana saura kwana biyu a kulle Kano, kullen da ya fara a daren 16 ga Afrilu. Na tarar da ɗan baffana, ɗalibin likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ma yana gida, ga korona ga yajin aikin malaman jami'a wanda bai ƙare ba sai a Disamba.

Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma sakaina tana nan a wurinta. Wata magariba cikin azumi muka zauna muka ƙirga masu zuwa cin abinci: 23, ban da ƙananan da ke ɓoye a kango. Yawancinsu ƙashi da fata, wasu ido duk kwantsa, wasu ƙazuwa ta cinye musu kunne. A cikinsu akwai wani ƙaton muzuru da ya gaji sunan Sarkin Fawa, wataƙila jika ne ko tattaɓa kunne.

Ɗan baffana ya ɗauki tsinke ya yi mana lissafi a ƙasa. Ya ce cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki. Takan haifi uku zuwa biyar, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'yar da aka haifa kuma kafin ta cika wata shida ita ma ta isa ɗaukar ciki. Ya ce, "Inna, ko tukunyar gidan Sarkin Gaya aka ba ki ba za ki iya ciyar da abin da ke tafe ba."

Ta ce, "To me kake so in yi, ɗan nan? In hana su abinci?"

Ya ce, "A'a. A yi musu fiɗiya, kamar yadda ake yi wa bunsuru."

Inna ta yi salati, ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an fiɗiye muzuru ba. Ya yi mata bayani cewa a wasu ƙasashe haka ake yi: a kama magen titi, a yi mata aiki, a yi mata rigakafi, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ya ce a Turkiyya tun 2004 doka ta ɗora wa hukumomin birane wannan aiki, magunan Santambul kuwa suna kwanciya har a cikin masallatai ba mai tsangwamarsu. Ya kuma ja mana kunne a kan abu ɗaya, kada mu ɗauka mage ce maganin Lassa. Cutar a fitsari da kashin ɓera take, an gano ta a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma maganar ɗaya ce, a rufe abinci, a toshe ramuka, a daina shanya a ƙasa. Mage tana rage ɓera, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Maganar ta fita, ta isa majalisar ƙofar gida. Aka yi mana ca. Wani ya ce 'yan boko sun rasa aikin yi. Wani ya ce canza halittar Allah ne. Mahaifina ya ce ba za a yi komai a gidansa ba sai an ji ta bakin malamin unguwa. Muka je zaurensa bayan la'asar, muka gaishe shi muka zayyana masa komai, har da buhu da guba. Ya yi shiru, sannan ya jawo Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk almajirin ƙasar nan ya sani, ya nuna mana inda aka halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, aka kuma hana yi wa dawaki. Ya ce ba a ambaci mage a wurin ba, amma ana duba maslaha ne da cutarwa. Sai ya tambayi ɗan baffana, "Za ta ji zafi?" Ya ce allurar barci ake yi mata. Malam ya ce, "To mu da muke dandaƙe bunsuru yana ihu unguwa na ji, wa ya taɓa zuwa tambayata?" Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma da ka kai biyar gindin kuka, fatawar wa ka nema?" Ashe labarin bai mutu ba. Ya ce in dai masani ne zai yi, ba azabtarwa, a yi. Ya fi buhu, ya fi guba.

Ɗan baffana ya ƙi taɓa wuƙa da kansa, ya ce shi ɗalibi ne har yanzu. Akwai wani likita, na gaba da shi a makaranta, da ke aiki a Kano yana zuwa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a. Shi ya yarda zai zo kyauta, mu sayi magani da allurai mu sa masa mai. Ya ce a bari damina ta wuce saboda ƙuda. Muka haɗa kuɗi mu shida, har da wani mahauci da mai shayin bakin titi, waɗanda su ma maguna ke kwana a rumfunansu. Inna ta kwance bakin zaninta ta ba da kuɗin goronta na mako.

Kamun shi ne aiki. Magen da ta saba da jifa ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi. Muka ari akurki da manyan kwanduna, muka tokare bakin kowanne da kara mai igiya, muka sa bandar kifin Wudil a ciki, muka laɓe a bayan danga. Dare biyu muna wannan. Wanda ya faɗa sai a lulluɓe kwandon da tsohon zani, nan take ya yi tsit. Sarkin Fawa ya ƙi shiga, yana zaune a kan katanga yana kallonmu kamar alƙali. A ƙarshe Inna ce ta ce mu ba ta wuri. Ta zauna a kujerarta, ta tura sakainarta cikin akurki, ta kira shi. Ya sauko ya shiga. Ta ja igiyar da hannunta, sannan ta ce, "Allah ka gani, amana na ci don in gyara."

Likita ya iso wata Asabar a watan Nuwamba, an gama girbin gero, sanyi ya fara saukowa. Muka share zaure, muka shimfiɗa leda a kan benci, aka tafasa ruwa. Yara sun cika ƙofa, manya suna wucewa suna leƙe kamar ba su damu ba. Sarkin Fawa aka fara da shi, an hana shi abinci tun dare. Aka danne shi ta cikin zani, likita ya soka masa allura a cinya. Ba a jima ba jikinsa ya saki, aka kwantar da shi, harshe ɗan waje, idanu a buɗe tar ba ƙiftawa. Inna da ke bakin ƙofar cikin gida ta ce, "Shi ke nan, kun kashe shi." Likita ya ce, "Hajiya, matso ki taɓa." Ya ɗora tafin hannunta a kan haƙarƙarinsa, ta ji zuciya na bugawa. Ya shafa masa man ido don kada su bushe, ya cire gashin wurin, ya wanke da magani, ya yi 'yar tsaga biyu da ba su kai faɗin farce ba, ya zaro, ya ɗaure, ya yanke. Ko ɗinki babu. Wanzamin unguwarmu da ya zo kallo ya girgiza kai ya ce wannan ai ko kaciya ta fi shi jini. Sannan aka yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, irin wanda aka fi sani a jikin kare, aka datse ɗan tsinin kunnensa na hagu. Likita ya ce ita ce shaidar da ake yi a Amurka da Ingila don kada a sake wahalar kama wanda aka gama da shi. Wannan bai ba kowa mamaki ba, mu da ke tsaga kunnen akuya don gane tamu.

Kafin azahar an yi wa muzuru takwas. Muka jera su a kwanduna a inuwa. Wajen la'asar suka fara farfaɗowa, suna tashi suna faɗuwa, yara na ta ƙyaƙyata dariya. Washegari muka sake su a gindin katanga. Sarkin Fawa ya yi kwana huɗu bai zo ba. A na biyar ya diro, ya wuce kowa, ya ci abincinsa ya juya wa Inna ƙeya.

Na mata ya fi wuya, domin ciki ake buɗewa, likita kuma ya ce ba zai yi shi a zaure ba. Sai muka riƙa kai su Kano bibbiyu. Tafiyar farko ba zan manta da ita ba. Daga Kademi zuwa Gaya, daga Gaya muka shiga motar Kano, kwando a kan cinyata. Muna hawa gadar Wudil ɗaya ta yi kuka. Direba ya ce, "Malam, me ka ɗauko mana?" Da na faɗa, mota ta kaure da dariya. Wata mata a bayana, rungume da yaro mai zazzaɓi, ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce, "Allah ya ba 'ya'yanmu gatan mage." Kunya ta rufe ni har Kano. Maganarta tana kan hanya, a ƙasar da uwa ke sayar da akuya kafin ta kai ɗa asibiti. Na daɗe ina juya ta a raina. Abin da na tsaya a kai shi ne, duk abin da mu shida muka kashe bai kai asarar gyaɗa da waken da gidanmu kaɗai ya yi a shekarar guba ba, kuma gubar da ake barbaɗawa a ɗaki saboda ɓera yaro mai rarrafe ma yana iya kai ta baki.

Mata shida muka samu muka kai. Biyar sun warke sarai. Ta shida laifinmu ne: an ce a tsare ta kwana goma, wani yaro ya buɗe kwandon a kwana na biyu don ya ba ta ruwa, ta tsere. Bayan kwanaki muka tsinci gawarta a kango, ɗinkin ya warware. Inna ta sa aka haƙa rami aka binne ta, ta ce ba za a jefa ta a bola ba.

Da shekara ta zagayo aka ga bambanci. Ihun dare ya ragu, warin fitsari ya ragu, masu datsattsen kunne suka yi ƙiba gashinsu ya kwanta, kuma kamun ɓera bai ragu ba, saɓanin abin da 'yan majalisa suka yi ta faɗa cewa fiɗiyayyen muzuru malalaci ne. Waɗanda ba mu kama ba sun ci gaba da haihuwa, amma kaɗan ne, ana samun masu so. Wani ɗan'uwanmu ya zo takanas daga Toranke ta ƙasar Ajingi ya ɗauki biyu saboda rumbunsa. Baƙin maguna kuma ba su daina shigowa ba, don har yanzu akwai masu zuwa su kwance buhu a bayan gari. Aikin irin shara ne, ba a yinsa sau ɗaya a ce an gama.

Inna ta rasu da daminar 2022, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ana zaman makoki, magariba ta yi, sai ga su sun jeru a gindin katangar yamma suna jira. 'Yar yayana, yarinya 'yar shekara tara, ta tashi ba wanda ya aike ta, ta ɗauko sakainar ta zuba tuwon sadaka. Ita ke yi har yau.

Roƙona ga sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi shi ne, in an fito rigakafin shanu da awaki a tuna da kare da mage, ko da sau ɗaya ne a shekara, ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da ciwon haukan kare. Likita ɗaya da benci ɗaya sun isa a yi wa muzuru takwas kafin azahar, mun gani da idonmu. Kai kuma maigida, in mage ta haihu a gidanka, ka bari 'ya'yan su yi wata biyu a gindin uwarsu, sannan ka yi cigiyar mai rumbu, za ka samu. Kada ka miƙa wa yaro buhu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, in na je gida har yau ba na bin hanyar kukar nan.